Kwikwiyon "ceto" na dala 2,400: yadda wata mata a Kalifoniya ta faɗa ramin da dokar sayar da karnuka ta bari

Wannan labarin maƙwabciyata ne, dattijuwa ce ma'aikaciyar jinya a kudancin jihar Kalifoniya, ita ke riƙon jikanta. Ba zan kama sunanta ba, ba zan kama sunan shagon ba. Na san wasu za su ce yo kare ne ma abin yi wa dogon rubutu haka? Mu a gida kare na gadi ne ko na farauta, amma a nan Amurka ɗan gida ne, a ɗaki yake kwana, kuma kasuwarsa kasuwa ce ta manyan kuɗi, shi ya sa majalisun jihohi ke ta kai ruwa rana a kanta. Ni dai abin da na gani da idona ne ya hana ni yin shiru.

Yadda kasuwar take kafin 2019

Yawancin kwiyakwiyin da ake gani a shagunan dabbobi a Amurka ba a garin da shagon yake aka haife su ba. Daga manyan gonakin kiwon karnuka suke zuwa, irin na jihohin Mizuri, Ayowa da Ohayo, inda za ka ga karya tana cikin keji shekara da shekaru, aikinta haihuwa kawai, ana yaye 'ya'yan ana loda su a mota. Tsakanin mai kiwo da mai shago akwai dillali, shi yake saye da yawa ya rarraba.

Gwamnatin tarayya tana da doka tun 1966 kan kula da dabbobi, ma'aikatar noma ta USDA ce ke ba masu kiwo lasisi tana zuwa dubawa. Amma ƙa'idar ta yi ƙasa sosai. Misali girman keji, abin da ake nema shi ne a auna tsawon kare a ƙara inci 6, wato kamar santimita 15, shikenan an cika doka. Kare zai iya ƙare rayuwarsa a wannan ɗan wurin kuma babu wanda ya yi laifi.

Toh sai birane suka fara ɗaukar mataki da kansu, Los Anjalas ta hana shaguna sayar da irin waɗannan karnukan a 2012, San Diyego ta bi a 2013. Sai masu shago su tattara su koma garin da ke maƙwabtaka, tafiyar minti goma, su ci gaba da abinsu. Daga nan ne majalisar jiha ta yi dokar AB 485, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a Oktoban 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019. Kalifoniya ce jiha ta farko a Amurka da ta yi haka. Dokar ta ce shago ba zai sayar da kare ko kyanwa ko zomo ba sai in daga matsugunin dabbobi na hukuma ya samo shi, ko daga ƙungiyar ceton dabbobi mai rajista wadda ba ta neman riba. Dole a manna sunan inda aka samo dabbar a jikin keji, wanda ya saɓa kuma tarar dala 500 ce kan kowace dabba.

Fabrairun 2019: ranar da aka saye shi

Jikan nata yana da shekara tara a lokacin, mahaifiyarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, yaron ya daina magana sosai, sai malamar makarantarsu ta ba da shawara ko za a samo masa dabba ya riƙa ɗebe kewa. Ita kuma baiwar Allah ta ji a labarai cewa yanzu duk karen da ke shago na ceto ne, sai hankalinta ya kwanta, a ganinta ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ta faranta wa yaro kuma ta taimaki dabbar da ba ta da gata.

Ranar wata Asabar suka je wani shago a cikin babbar kasuwar zamani. Kwiyakwiyi ne reras a bayan gilashi, duk 'yan asali masu tsada, duk 'yan sati takwas zuwa goma, kowane keji da ɗan kati an rubuta sunan wata ƙungiyar ceto. Yaron ya nuna wani farin kwikwiyo mai gashi luf-luf. Kuɗinsa dala 2,400. Ta ce ta ɗan yi turus, don ta san a matsugunin hukuma kuɗin karɓar kare bai kai kusa da haka ba, amma yarinyar shagon ta ce mata ai kuɗin allurai ne da sufuri da kula. Ta biya da katin bashi. Aka ba ta rasit, da 'yar takardar rigakafi, da lambar ɗan cif, wato 'yar na'urar shaida da ake sakawa a ƙarƙashin fatar wuyan kare don a gane shi. A saman rasit ɗin an rubuta kuɗin sayarwa har da harajin ciniki, ku riƙe wannan, zai dawo.

Kwana huɗu bayan nan

Ranar Laraba kwikwiyon ya ƙi cin abinci. Da daddare ya fara amai, kafin asuba zawo ya biyo baya har da jini, ga wani irin wari da ya cika falon. Wajen ƙarfe biyar na safe ta buga min ƙofa don motarta na gareji, ta ce, "Ɗana, don Allah taimaka ka kai mu asibitin dabbobi." Na ce, "To Mama, bari in ɗauko makulli." Yaron ne ya riƙe shi a baya cikin tawul, kan kwikwiyon ya langaɓe a hannunsa, idanun sun faɗa, dasashinsa ya yi fari fat. Har muka isa yaron bai ce uffan ba, yana dai shafa masa kunne da yatsa ɗaya. Wallahi ban taɓa zaton kare zai sa ni jin abin da na ji a safiyar nan ba, sai da hadisin mutumin nan da ya shayar da kare ruwa Allah ya gafarta masa ya faɗo min a rai.

Gwaji ya nuna cutar fabo ce. Ƙwayar cuta ce da ke cin hanjin ƙananan karnuka, ta kashinsu take yaɗuwa, kuma takan ɗauki kamar kwana 3 zuwa 7 a jiki kafin ta bayyana, wani lokacin fiye. Babu maganin da ke kashe ta kai tsaye a lokacin, ƙarin ruwa ake yi da allurar tsayar da amai da maganin kare jiki daga wasu cututtukan, a jira jiki ya yi faɗansa. In ba a kula ba yawancin kwiyakwiyi mutuwa suke, in an kwantar da su da wuri mafi yawa suna tashi. Kwana biyar ya yi a asibiti. Ya tashi. Kuɗin asibiti dala 3,100, wato ya fi kuɗin sayen shi kansa. Gidan kuma sai da aka wanke ko'ina da bilic, don ƙwayar tana iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba.

Likitar da ta duba shi ta yi wani abu da a lokacin maƙwabciyata ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba. Ta rubuta takarda ta sa hannu, da kwanan wata, cewa bisa lissafin kwanakin da cutar ke ɗauka, kwikwiyon ya kamu tun kafin a miƙa shi ga mai saye. Ta ce mata ki sanar da shagon a rubuce yau ɗin nan, kar ki bari ya kwana. Maƙwabciyata ta tura imel a daren, ta kuma aika wasiƙa ta gidan waya irin wadda ake sa hannu in an karɓa.

Fabrairu zuwa Maris 2019: ƙofofin da ta ƙwanƙwasa ba a buɗe ba

Na farko shagon. Manaja ya ce su ba sayarwa suka yi ba, wuri kawai suka ba ƙungiyar ceto, can za ta je. Ta kira lambar ƙungiyar, ba a ɗauka. Adireshin da ke kan katin kuwa da muka bi shi, akwatin karɓar wasiƙa ne a wani ɗan shagon aika kaya, babu keji ko ɗaya balle kare.

Na biyu kamfanin katin bashi. Ta nemi a dawo mata da kuɗinta, suka bincika na 'yan makonni suka ce an ba ta abin da ta saya kuma yana hannunta, magana ta ƙare.

Na uku jami'an kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, don su dokar ta ɗora wa aikin sa ido. Jami'i ya je shagon, ya duba katunan keji, ya duba fayil, ya ga ƙungiyar tana da rajistar marasa neman riba. Ya kira ta ya ce shi ma ya ga abin bai yi kama da ceto ba, amma a takarda sun cika abin da doka ta ce, kuma ba shi da ikon bin diddigin abin da ke faruwa a wata jiha.

Sai ta koma intanet neman rahoton binciken USDA ko za ta gano mai kiwon. Nan ma ta tarar da bango, don tun Fabrairun 2017 ma'aikatar ta sauke rahotannin daga shafinta, waɗanda ta mayar daga baya kuma an toshe sunaye da yawa a ciki. Sai a farkon 2020 aka maido su yadda ya kamata bayan majalisar tarayya ta tilasta. Ta kuma rubuta ƙorafi a Facebook, mutane suka yi ta Allah wadai, wasu mutum uku suka ce su ma haka ta same su, amma ko sisi bai dawo ba.

Maris zuwa Yuni 2019: bin takarda

A Maris ɗin ne babban lauyan jihar Ayowa, Tom Miller, ya shigar da ƙara kan wasu ƙungiyoyin ceto biyu na jiharsa da wani kamfanin dillancin kwiyakwiyi, yana zarginsu da abin da aka kira wankin kwikwiyo, kamar dai yadda ake wanke kuɗin haram. Dabarar mai sauƙi ce. Dillali ya sayi kwiyakwiyi daga gonaki, ya wuce da su ta hannun wata ƙungiya da shi ko mutanensa suka yi wa rajista, a takarda sun zama na ceto, sai a tura su shagunan wuraren da aka hana sayar da na gona. Ƙarar ta ce ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ta sayar da aƙalla kwiyakwiyi 1,290 tsakanin 2016 da 2018 zuwa jihohi huɗu har da Kalifoniya. Ba sabon abu ba ne ma, jaridar Chicago Tribune ta tona irin wannan a Shikago tun 2018, don birnin ya riga ya yi irin wannan dokar.

Wata 'yar sa kai a matsugunin dabbobi na garinmu ce ta nuna wa maƙwabciyata hanya. Duk karen da za a tsallaka da shi daga wata jiha zuwa wata don sayarwa, sai likitan dabbobi ya cika masa takardar shaidar lafiya, da sunan mai aikawa da na mai karɓa da shekarunsa da irinsa, kuma kwafi yana zuwa ma'aikatar noma ta jihar da ya fito. Kowa na iya neman kwafin ta dokar neman bayanan gwamnati. A bayan takardar rigakafin da aka ba ta akwai hatimin wani likita na Ayowa, sai ta rubuta wa ma'aikatar noma ta can, ta ba da lambar cif ɗin da watan da ake magana.

Bayan wasu makonni amsa ta zo. Na ga takardar da idona a kan teburin kicin ɗinta. Layi-layi ne na kwiyakwiyi, nata yana ciki da lambarsa, duk 'yan sati takwas ko tara, duk irin masu tsada, an aiko su rana ɗaya daga wata ƙungiyar "ceto". Babu tsoho ko ɗaya, babu gurgu, babu ɗan gauraye irin waɗanda suka cika matsugunan gaske. Ta sa yatsa a kan layin nasa ta daɗe ba ta ɗaga ba.

Ita wannan 'yar sa kan ce kuma ta tuna mata da wata tsohuwar doka ta jihar, tun ta shekarun 1990, mai suna Lockyer-Polanco-Farr, wadda ke kare mai sayen kare daga hannun ɗan kasuwa. In likita ya rubuta cewa cikin kwana 15 da saye kare ya kamu da ciwon da yake ɗauke da shi tun kafin a miƙa shi, ko cikin shekara ɗaya aka gano nakasar gado, mai saye yana da zaɓi uku: ya mayar da karen a ba shi kuɗinsa da na asibiti, ko a canza masa wani, ko ya riƙe abinsa a biya shi kuɗin asibiti har zuwa kashi 150 cikin ɗari na farashin. Sharaɗin shi ne a sanar da mai shago cikin kwana 5 da gano ciwon. Ita ta sanar a ranar farko, albarkacin likitar nan. Kashi 150 na 2,400 ya kama 3,600, kuɗin asibitinta 3,100 ya shiga ciki. Maganar mayar da kare kuwa ba ta ma taso ba, yaron a lokacin da shi yake kwana.

Agustan 2019: kotun ƙananan ƙararraki

Ta shigar da ƙara da dala 50. A wannan kotun lauya ba ya tsaya wa kowa, kai da bakinka ne da takardunka, kuma a lokacin mutum zai iya neman har dala 10,000. Na raka ta. Wakilin shagon ya maimaita maganar da suka saba, su masu ba da wuri ne kawai. Alƙali ya ɗaga rasit ɗin ya tambaye shi sunan wa ke sama, kuɗin asusun wa ya shiga, kuma in kyauta ce ta ceto me ya kawo harajin ciniki. Mutumin ya yi ta 'yan kame-kame. Duka zaman bai kai minti ashirin ba. Hukunci ya zo ta gidan waya, a biya ta dala 3,100 da kuɗin shigar da ƙara. Biyan ma sai da aka ja ta har kusan ƙarshen shekara, bayan ta koma kotu ta nemi takardar tilasta biya.

Kuɗin sayen karen, 2,400, bai dawo ba, don zaɓin da ta ɗauka bai haɗa da shi ba. Shagon kuma ya ci gaba da sayar da kwiyakwiyinsa na "ceto" kamar ba a yi komai ba.

2020 zuwa 2021: an toshe ramin

A Maris 2020 aka sasanta ƙarar Ayowa, aka rushe ƙungiyoyin biyu, aka ci su dala 60,000. A Kalifoniya kuma ɗan majalisa Todd Gloria na San Diyego ya kawo ƙudurin AB 2152, wanda aka fi sani da dokar Bella, sunan wata karya da aka sayar a matsayin ta ceto alhali daga gona take kuma ba ta da lafiya. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a Satumban 2020, ta fara aiki 1 ga Janairun 2021. Wannan karon ba a tsaya tambayar daga ina kare ya fito ba. An hana shago sayar da kare da kyanwa da zomo kwata-kwata. Abin da aka yarda shi ne shago ya ba matsuguni ko ƙungiyar ceto wuri su nuna dabbobinsu, shagon ba zai karɓi ko kwabo ba, dole an yi wa dabbar aikin hana haihuwa, kuma duka kuɗin karɓa kar ya wuce dala 500. Tarar kuma ta koma dala 1,000 a karon farko, 2,500 a karo na biyu, 5,000 in an ƙara maimaitawa. Shagon da ta sayi nata ya rufe a wannan tsakanin, yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin.

2024 zuwa 2026: kasuwar ta koma waya

A Satumban 2024 jaridar Los Angeles Times ta fitar da bincike da ya nuna motocin kwiyakwiyi daga gonakin tsakiyar Amurka ba su daina shigowa jihar ba. Dillalai ne ke karɓa, su saka hotuna a intanet kamar su ƙananan masu kiwo ne na cikin gida, a haɗu da mai saye a wurin ajiye motoci a miƙa. Binciken ya kuma gano ma'aikatar abinci da noma ta Kalifoniya tana lalata takardun shaidar lafiyar da ake aiko mata, irin takardar da ta taimaki maƙwabciyata kenan. A Oktoban 2025 Newsom ya sa hannu kan wasu dokoki uku da suka fara aiki a Janairun 2026: AB 519 ta hana dillancin kwiyakwiyin da wani ya kiwata, AB 506 ta tilasta wa mai sayarwa faɗin asalin dabba ta kuma soke kwantiragin kafin alƙalamin da ba a mayarwa, SB 312 kuma ta ce a riƙa tura takardun lafiyar ga ma'aikatar ana ajiyewa.

Yadda na ga lamarin

Dokar 2019 da kyakkyawar niyya aka yi ta, amma ita ce ta kwantar wa matar nan da hankali har ta zaro katinta. Ta rataya komai a kan kalma ɗaya, ceto, kalmar da kowa zai iya samu da cike fom, ta bar ribar dala dubbai a hannun mai shago, ga tarar 500 a kan kare na 2,400 wadda ko an ci shi ita bai yi asara ba. Sannan aka ba jami'in ƙaramar hukuma aikin gano gaskiyar abin da ake ƙullawa a Ayowa. Ta 2021 ta fi ta nesa ba kusa ba saboda kuɗin ta cire daga tsakani, da riba ta tafi sai ƙungiyoyin bogin suka rasa abin yi a shaguna.

Abin da ya dawo mata da kuɗinta kuwa ba sabuwar dokar ba ce, tsohuwar ce, da takardu uku: rubutun likita cikin kwana 15, sanarwar da ta aika cikin kwana 5, da rasit mai harajin ciniki. Takardar Ayowa ta nuna mata gaskiya, ta kuma sa wakilin shagon ya rasa bakin magana, amma ko babu ita ina ganin da ta ci shari'ar. Mutum ukun nan da suka yi mata magana a Facebook, biyu sun wuce kwanakin kafin su san akwai dokar, babu wanda ya faɗa musu a shagon, kuma wannan ya fi komai ɓata min rai.

Akwai masu kiwo na gaskiya da ke kukan cewa ana yi musu kuɗin goro, kuma ina jin kukansu. Sai dai dokokin nan ba su hana mutum zuwa gidan mai kiwo ya saya kai tsaye ba, ya ga uwar, ya ga inda take kwana. Wanda ya ce maka a haɗu a bakin titi shi ne abin tambaya.

Karen yana nan, ya shekara bakwai, cikinsa dai har yau ba ya son canjin abinci. Yaron ya zama saurayi, shi yake fita da shi kullum da yamma. Uwar karen ce ba mu taɓa gano inda take ba, takardar Ayowa a kan sunan ƙungiyar ta tsaya, babu layin da ya nuna gonar da aka haife shi.